Kayan Direba Ake Fara Saukewa

A ɗakin da Auta ke aiki akwai tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya da allo biyu, sai dai allunan ba wuri ɗaya suke kallo ba. Sabon, wanda kamfani ya ba ta, ita yake fuskanta. Tsohon kuwa, mai kaurin baki da tabo a kusurwa, ta juya shi yana kallon gadon mahaifinta. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗauka kuskure ne, masu karambani har su kai hannu za su gyara mata, sai ta ce, "A'a, bar shi haka, gilashin motar Baba ne."

Baba direban babbar mota ne, a kan hanya ya yi ƙuruciyarsa, a kanta ya yi furfura. A tasha ba wanda ya damu da sunansa na yanka, Sannu-Sannu kowa ke ce masa, domin ko a gangara ba ya bari mota ta ruɗe shi. Abokan aikinsa su wuce shi a guje suna yi masa ham, can gaba ya tarar da su a gefen titi an buɗe gaban mota hayaƙi na tashi, ya tsaya ya ara musu sifana. In ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa," sai su haɗa baki su ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba!" Shi ma ya yi dariya, don ba ya fushi da gaskiya.

Yana da wata ƙa'ida da duk gidan suka haddace. Ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, kullum akwai abin da ya ɗaura a saman lodi don iyali: katifa, ko kujera, ko buhun gawayi. To amma in mota ta zo hawa ta fara nishi, ya zama dole a rage kaya, nasa ake fara saukewa. Auta tana ƙarama ya yi mata alkawarin teburin karatu, ta yi ta shela a makaranta, ranar da ya dawo ta fita da gudu ta ga babu tebur. Wai mota ce ta ƙi hawa wani tudu, ya sauke shi ya bar wa mai shayi ajiya. Ta yi birgima a ƙasa. Mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Kai ma dai Malam, nauyin me tebur ɗin yarinya zai ƙara wa wannan uwar mota?" Ya ce, "Ba nauyin ba ne. Da wane ido zan ce wa mai kaya a sauke nasa, nawa yana zaune a sama? Kayan direba ake fara saukewa." A tafiya ta gaba ya koma ya ɗauko, ruwan sama ya riga ya ɗan lanƙwasa masa ƙafa ɗaya. A kan wannan teburin Auta ke aiki har yanzu, da kwali a ninke a ƙarƙashin ƙafar.

Ciwon ya same shi ne bayan ya ajiye tuƙi, wata safiya yana ɗaura agogo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Birki da totur sun tafi tare da ƙafar dama, giya ta tafi tare da hannun dama, kuloci kaɗai ya rage masa a ƙafar hagu. A baki kuwa 'yan kalmomi suka saura, su ma duk na hanya: "Mu je," "Tsaya," da "Sannu." Da su yake neman ruwa, da su yake godiya, da su yake faɗa. Yaya, wan Auta, yana can wani gari mai nisa tare da iyalinsa, sai dai waya. Yayarta mace tana fama da nata gidan. Auta ce ba ta da miji ba ta da goyo, saboda haka ba a ma yi taro ba, jinya ta faɗo a kanta. Ba ta yi ƙorafi ba, ta roƙi kamfanin da take wa aiki, masu kai saƙonni da ƙunshin kaya, suka yarda ta riƙa amsa wa masu hulɗa da su daga gida.

Watannin farko Baba bango ya juya wa fuska. A kawo abinci ya datse baki. Wata rana Auta tana neman wani abu a intanet ta faɗa kan wani dogon bidiyo da wani direba ya ɗauka daga cikin motarsa: ba waƙa, ba magana, hanya ce kawai tana tahowa, da gunjin inji. Sai ta ji motsi a bayanta. Ta waiga ta ga Baba ya juyo, ido a buɗe tar, hannun hagu a sama yana laluben abin da babu. Ya ce, "Mu je." Ta gwada ba shi a waya, ya ture, don idonsa ya yi rauni, kuma wane direba ne ke leƙen hanya ta ramin makulli? Ta tono tsohon allon Yaya daga cikin tarkace, ta jona shi da kwamfutarta, ta ɗauko murfin babbar tukunya ta sa masa a hannu. Daga ranar Baba ya koma bakin aiki. Da safe ta wanke shi, ta jingina shi da matasai, ta kunna masa hanya. In an zo kwana ya karkata murfin, in an zo hawa ya danna ƙarfen gado da ƙafar hagu. Ya koma cin abinci, amma sai motar ta tsaya a gidan mai tukuna, don bai taɓa ci yana tuƙi ba.

Ana nan sai kamfani ya sauya shafin da suke aiki a kai, ya kawo wani mai nauyi, da taswira mai motsi da tarin akwatunan hira. Aikin Auta duk a cikin burauza yake, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Mutum ya rubuto yana tambayar ina kayansa, ita kuma ta buɗe wani shafi ta duba ta ba shi amsa, akwai kuma wata 'yar fitila a gefe da ke tashi daga kore ta koma ja in ta daɗe. Sai burauzar ta fara ciwon ƙafa. Ta danna, 'yar da'ira ta yi ta juyawa. Ta rubuta kalma, haruffan su fito daga baya a jere kamar awaki sun dawo kiwo. Kibiyar ta maƙale a tsakiyar allo, in ta ja ta zuwa allon Baba sai ta yi tsalle ta ɓace. Can ma hanyar ta riƙa sarƙewa, Baba ya haɗa rai yana kasa kunne, shi a zatonsa inji ne ke shan iska.

Ba irin abin da Auta ba ta gwada ba. Ta zargi masu intanet, ta kira su ta wanke su tas, suka auna suka ce layinta lafiya lau. Ta share tarkacen da burauza ke tarawa, sai ga shi duk kalmomin sirrinta sun bi ruwa, ta wuni tana neman shiga wurin aikinta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ta cire ƙananan manhajojin da ke maƙale da burauzar, ta rufe shafukan da ba ta buƙata, ta sabunta, ta sauya wata burauzar ma gaba ɗaya. Kowane magani ya yi aiki na ɗan lokaci, ciwo ya dawo. Can ƙasan zuciyarta ta san inda ɗakinta ke yoyo, domin ta lura in Baba ya yi barcin rana ta kashe hanyar, komai sai ya saki. Amma ba ta son ta sani.

Da shugabarta ta kira ta ce, "Ƙanwata, ina sonki, amma fitilarki ta fi ta kowa ja, kuma na sama da ni ba su san Baba ba," sai Auta ta nemo mai gyara. Rediyo ake ce masa a layin masu gyaran waya, kuma duk wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Mutumin kirki ne, ya iya aikinsa, bakin ne dai ba ya da birki. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Baba, ya ga murfin tukunya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe oga ne da kansa a kan sitiyari! Allah ya tsare hanya." Baba ya ce, "Sannu."

Rediyo ya zauna ya buɗe inda kwamfuta ke nuna abin da ke cin ƙarfinta. Ya kashe wani maɓalli a cikin burauzar, wanda ke ɗora nauyin hoto a kan sashen zane, ya gwada, ya sake kunna shi. Ya rage kyan bidiyon har bishiyoyi suka zama dunƙule-dunƙule, Baba ya ce "Tsaya!" da ƙarfi, dole ya mayar. Ya zare wayar tsohon allon, shafuka suka riƙa buɗewa kamar walƙiya. Ya mayar, da'ira ta dawo tana juyi.

"Anti, kin gani da idonki," in ji shi. "Allunan nan biyu ba sa'o'in juna ba ne. Sabon yana ƙifta ido da sauri, tsohon a hankali, ita kuma kwamfutar ƙaramar gaske ce, tana son ta bi da su duka, ga bidiyo ba ya yankewa tun safe, ga wannan shafin naku mai cin rai. Dole ta jira na baya." Sai ya juya wajen gado, don ya sa tsoho nishaɗi, ya ɗaga murya yadda ake yi wa marasa lafiya kamar kurame ne. "Baba, kai ne ma za ka fi ganewa! Lodi ne ya yi wa motar yawa. Ga kayan kamfani, ga naka a sama, ga tudu. In ba a rage ba, wallahi sai ta koma da baya da Anti a ciki!" Ya kwashe da dariya. Auta ma ta yi murmushi, ba ta ko kalli gadon ba. Su biyun sun saba magana a gaban Baba kamar a gaban kabad, sun manta baki ne ya tafi, kunne yana nan. Magana kuwa zarar bunu ce.

Rediyo ya ce akwai mafita. Akwai wani ɗan akwati da za a jona wa tsohon allon ya riƙa kawo bidiyonsa shi kaɗai, ba ruwansa da kwamfutar, sai dai irin bakin wayar allon ya tsufa, sai ya bincika a wajen abokansa. Kafin nan, ya ce, ta riƙa tsayar da bidiyon a lokacin da aiki ya yi zafi. "Hoton yana nan a gabansa, ai ba zai damu ba."

Washegari ta bi shawara. Da saƙonni suka fara ruwa ta kai kibiya ta tsayar da hanyar. Aka yi rashin sa'a, inda ta tsaya bayan wata tanka ne, a tsakiyar hawa. Ta saurara, ba ta ji Baba ya ce komai ba, ta ce alhamdulillahi. Burauza ta saki jiki, fitila ta zauna a kore, Auta ta yi aiki irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, har tana ɗan waƙa a ciki. Sai da rana ta take ta miƙe don ta kawo masa abinci, ta gan shi jiƙe sharkaf da gumi, haƙora a datse, ido a kan tankar. Ƙafar hagunsa tana danne da ƙarfen gado, tana rawa tun daga cinya. Shi a wajensa cunkoso ne a kan tudu, ga shi ba birki, in ya saki kuloci mota ta mutu da kayan mutane. Tun safe yake riƙe da ita.

Da ƙyar ta ɓanɓare ƙafar, tafin ya yi shatin ƙarfe, jijiyar ta ɗaure kamar igiya. Ta zauna a bakin gado tana matsa masa tana kuka. "Baba ka yafe mini, wallahi ban sani ba. Baba ka saki, an wuce, an wuce." Ta kunna hanyar, tankar ta motsa, sannan ya sauke numfashi. Daga ranar ta rantse ba za ta sake tsayar masa da mota a tsakiyar hanya ba, kome zai faru ya faru.

Abin kuwa ya faru. Fitila ta koma ja, masu kaya suka riƙa zaginta da manyan haruffa, Rediyo kullum sai ya ce gobe. Ran nan da hantsi shugabarta ta sake kira, muryarta a sanyaye, ta ce an ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba a ga canji ba, ko ta dawo ofis ko a ba wani kujerar. Komawa ofis na nufin barin Baba shi kaɗai, rasa aikin kuma na nufin rasa maganinsa. Auta ta ce, "To, na gode," ta ajiye waya. Ta danna shafi, da'ira ta fara juyawa. Ta yi tsaki, ta buga teburin har kwalin ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa, ta kifa kai tana shessheƙa a hankali don kada a ji.

"Sauka."

Ta ɗago. Kalma ce da ba ta ji daga bakinsa ba tun da ya kwanta. Farin ciki ma ya fara kama ta, ta ce ko maganar ce ke dawowa. Ta taso tana share ido. "Baba, sauka za ka yi? In kai ka bayan gida?" Ya girgiza kai. "In sa ka a kujera?" Ya sake girgiza kai. Ya miƙo mata murfin tukunyar. Ta ce, "A'a, riƙe abinka, ai ba mu iso ba, ga hanya can tana tafiya." Ya tura mata shi a ciki da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya nuna allonsa da haɓa, ya nuna nata, ya dube ta irin duban da yake mata tana yarinya in ya gama magana. Ya ce, "Sauka." Sannan ya ce, "Mu je," amma ita yake nunawa.

A nan ta gane. Ta tuna Rediyo da lodinsa da tudunsa, ta tuna ita ma ta yi murmushi. Ta durƙusa ta riƙe hannunsa. "Baba, ba haka ba ne. Shirmen Rediyo ne kawai, ka san bakinsa. Kai ba kaya ba ne, Baba. Ana kawo akwati, kowa da motarsa." Ya shafa kanta da hannun hagu, ya ce, "Sannu." Ya rufe ido, ya juya fuska bango. Ta bar hanyar a kunne har yamma ko zai waigo, inji yana ta gunji shi kaɗai, bai waigo ba. Da ta matso da allon kusa da fuskarsa sai ya ja mayafi ya rufe kai.

Rediyo ya zo da akwatin bayan 'yan kwanaki, yana ta murna tun daga ƙofa. Ya jona, ya kunna, hanya ta fito sumul, ba sarƙewa ba tsalle, burauzar Auta kuma tana gudu abinta. "Baba, an yi wa mota sabon inji! Yanzu kowa da lodinsa, taso mu je!" Baba ya buɗe ido ya dubi allon, ya dubi 'yarsa, ya mayar ya rufe. Mai yiwuwa ya ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa yara, mai yiwuwa kuma ya yarda amma ya riga ya gama shawara, shi da bai taɓa mayar da kaya kan mota ba sai an haye tudu. Auta ta sa masa murfin a hannu, ya bar shi ya zame ƙasa ya yi ƙara. Rediyo ya tattara kayan aikinsa. Da ta raka shi ƙofa ya ce, "Anti, ko wani abu na faɗa?" Ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, tare muka faɗa."

Ta yi duk dabarar da ta sani. Ta nemo hanyoyi masu duwatsu, masu gadoji, masu ruwan sama da abin share gilashi yana kaiwa da komowa. Ta zauna kusa da shi da cokali tana cewa, "Ga gidan mai, Baba, an tsaya, a ci abinci." Wani lokaci ya karɓi cokali ɗaya don kada ta yi kuka. Yaya ya kira ta bidiyo yana ta faɗa, a kai Baba asibiti, aka kai, likita ya duba ya ce ba wani sabon ciwo, jiki ne kawai ke ja da baya. Haka ya yi ta raguwa a hankali, ba gaggawa, yadda ya yi komai a rayuwarsa. Wata safiya ta shigo da ruwan ɗumi da tawul, ta ce, "Baba, ina kwana," ba a ce mata sannu ba.

Tsofaffin direbobi sun zo gaisuwa, wasu da sanda, suna ba da labarin sifanar da ya ara musu. Ɗaya ya ce, "Sannu-Sannu dai ya riga mu isa," aka yi 'yar dariya mai ɗaci, aka yi masa addu'a. Da aka watse Yaya ya ce a fitar da gadon, a kwashe tsohon allon, ɗakin ya sha iska. Gadon ta bari aka fitar. Allon ta ce a bar mata.

Ba ta rasa aikinta ba. A ƙarshen watan ma shugabarta ta kira tana yaba mata, wai fitilarta ta daina barin kore, ta tambaye ta wane gyara ta yi don a gaya wa sauran. Auta ta ce, "Kaya aka rage." Yanzu kafin ta ɗaga yatsa shafi ya buɗe, kuma wannan saurin ba abin da ta tsana kamarsa. Tsohon allon yana nan a gefen tebur a kashe, yana kallon inda gado yake a da, murfin tukunyar a jingine a gindinsa, ba ta sake dafa komai da tukunyar ba. Wani lokaci tana cikin amsa wa mai kaya sai ta ji ƙafar teburin ta motsa, ta sunkuya ta gyara kwalin, ta daɗe a sunkuye. Shi da ya sauke mata tebur a gindin tudu, ya koma ya ɗauko mata abinta. Ita ma ta koma, da akwati a hannu, ta tarar ba ya nan.